Mai Hoton Ƙashi Ta Nemi Fuska

A asibitin da take aiki, in ka ce Mai Hoto an gama magana. Ko mai sharar da ya fara aiki jiya zai nuna maka hanya: ka bi dogon barandan nan har ƙarshe, ka wuce ɗakin ɗibar jini, sai ƙofar da ke da jar fitila a samanta. Nan za ka same ta, doguwar mace mai farin gilashi, ba yawan fara'a ba kuma faɗa, tana ɗaukar hoton ƙasusuwan mutane. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan ɗaki, ƙirazan da ta gani a ciki Allah kaɗai ya san yawansu.

Aikinta ba shi da kwana-kwana. Ka shigo, ta ce ka cire riga da sarƙa da duk wani ƙarfe. Ta manna ƙirjinka a jikin allo mai sanyi, ta ɗaga maka haɓa da yatsa biyu, ta tura kafaɗunka gaba. Sai ta koma bayan bangon dalma, ta leƙo ta 'yar taga, ta ce, "Ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa." Ta danna sau ɗaya. Shi ke nan, sa rigarka.

Sau ɗayan nan kuwa shi ne abin alfaharinta. Tsohon da ya koya mata aikin, tun tana 'yar shekara ashirin da biyu, ya sha gaya mata cewa hasken na'urar nan ba hasken rana ba ne, duk ratsawar da ya yi ta jikin mutum sai ya bar masa wani abu. Don haka a auna sau goma, a danna sau ɗaya. Ta riƙe maganar gam. Sababbin ma'aikata in suka ɓata hoto har suka ce wa mara lafiya ya sake tsayawa, ba ta ɗaga musu murya. Kallo ɗaya take yi musu ta saman gilashi, su kwana biyu suna sunkuyar da kai in sun gan ta. Hoton da ya motsa kuwa, ko da haƙarƙari ɗaya ne ya yi dishi-dishi, a wurinta shara ne, kuma laifin mai ɗauka ne.

A wannan ɗakin ta haɗu da mijinta. Kafinta ne, ya zo da babban yatsa a kumbure, guduma ta kuskure ƙusa ta same shi. Ta ce kada ya motsa, ya ce ai tun da ya shigo ya gan ta ya kasa motsi. Ko murmushi ba ta yi ba. Bayan mako guda ya dawo, wai ɗaya yatsan ma ya fara ciwo. Ta matsa yatsan, ta ce lafiyarsa ƙalau, ba za ta haska shi a banza ba. Har suka yi furfura yana gaya wa baƙi, "Ni fa sai da ta duba ƙashina ta ga ba tsaga sannan ta amince." Likita yake kiranta don tsokana, ita kuma ta ce masa Malam, a haka suka haifi 'ya ɗaya suka aurar.

Shi mutum ne mai dariya da dukan jikinsa. Kai ya tafi baya, ido ya rufe, hannu ya daki cinya, fensirin da ke bayan kunnensa ya faɗo ƙasa. Shagonsa yana ƙarshen layinsu, kuma daga ɗakin girki takan jiyo dariyar tana ratso ƙarar zarto. Amma duk hotunansa da ke gidan babu mai dariyar ko ɗaya. Na katin shaida, na ranar aurensu, na ranar da 'yar ta gama makaranta, duk ya ƙame kamar wanda aka kama da laifi. Ita abin bai taɓa damunta ba. Wa zai tsaya ajiye hoton abin da yake ji kullum ta taga?

Tari ne ya fara. Ya ce garin katako ne, ya sha ruwan zafi da zuma, ya ci gaba da aiki. Da aka yi wata biyu tarin bai tafi ba, ta ce ya biyo ta wurin aiki. Ita ta tsayar da shi, ita ta ɗaga masa haɓa, ita ta danna. Da hoton ya fito ta tsaya gaban akwatin haske, ta daɗe a tsaye. A saman huhun dama akwai wani farin abu, ya kai girman ƙwan kaza, gefensa ba santsi. Ita ba likita ba ce, kuma dokar aikinsu mai hoto ba ya faɗin abin da ya gani. Amma idon da ya shekara talatin yana kallo ba ya jiran a karanta masa. Ta fito ta ce, "Sa rigarka, Malam." Bayan kwana tara, da aka gama sauran gwaje-gwaje, likita ya zaunar da su ya faɗi sunan cutar, ya ce nan da mako biyar za a fara magani mai ƙarfi.

Akwai abin da ta sani wanda shi bai sani ba. Ta san yadda masu irin wannan ƙirji suke dawowa ɗakinta. Wata na farko mutum ya shigo da ƙafarsa yana wasa, na uku ya shigo riga tana yawo a jikinsa, na biyar a turo shi a keke. Ta kuma san fuska ce take fara tafiya. Gefen goshi ya ɗan lotsa kamar an danna da yatsa, daga nan kumatu su bi. Tsayar da cutar ba aikinta ba ne, wannan ta bar wa Allah da likitoci. Abu ɗaya take so, tana kuma son sa har ya hana ta cin abinci: hoton fuskar Malam yana dariyar nan tasa, babba, wanda za a wanke a rataye a bango, kafin fuskar ta tafi.

'Yarsu da ke aure a nesa ta ce mata a waya, "Mama, ai wayarki ma tana ɗauka." Ta ce ai ta riga ta gwada, in aka ƙara wa hoton girma sai fuskar ta watse ta zama ɗigo-ɗigo. Kyamara take so ta gaske. Shi kuwa Kafinta abin da ta gaya masa shi ne baɗi za ta ajiye aiki, tana neman abin da za ta riƙa rage zaman banza da shi.

"To madalla," in ji shi. "Kin gama da ƙashi, saura nama."

Bai ƙara tambaya ba, ita ma ta san bai yarda ba.

Ranar Asabar ya ce zai raka ta. Shagon sayar da kyamarar yana wani siririn layi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau. Mai Shago gajere ne mai tumbi, da ƙyallen goge-goge a kafaɗa, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada kayansa daga barci. Ya tambaye ta me za ta riƙa ɗauka, tsuntsaye, ko 'yan ƙwallo, ko taron biki.

"Mutum," in ji ta.

"Mutane?"

"Mutum ɗaya."

Kafinta ya juya baya ya shiga jijjiga wata kanta, wai yana duba ƙafarta.

Mai Shago ya sauko da guda biyu ya ajiye a kan tebur. Duk baƙaƙe ne, duk na masu koyo ne, irin waɗanda ake cire musu ido, wato gilashin nan na gaba, a ɗaura wani. Ya cire idon ɗaya ya nuna mata wani ɗan madubi a kishingiɗe a ciki. Ya ce in ta leƙa ta 'yar tagar baya, madubin nan ne yake miƙo mata abin da idon kyamara yake gani, ba ƙari ba ragi. In ta danna sai madubin ya ɗaga, haske ya shiga, ya koma ya kwanta. Ta farko ta fi nauyi, ta fi kama abu tsaf ko a ɗaki mai ƙarancin haske. Ta biyu ta fi sauƙin riƙewa, kuma allonta na baya yana juyawa. Ya fara yi mata bayanin yawan haske da tsawon lokacin da 'yar ƙofar cikin kyamara take buɗe, yana jan maganar kamar mai koya wa yaro baƙi. Ta yi masa tambaya biyu, sai ya ajiye ƙyallensa ya dube ta da kyau.

"Hajiya, wane aiki kike yi?"

"Hoton ƙashi take ɗauka," in ji Kafinta daga bayansu. "Ka yi hankali, tana ganin abin da ka karya da shi."

Mai Shago ya miƙa mata mai nauyin ya ce ta gwada. Ta ɗaga ta kai fuska, ta rufe ido ɗaya. Ta cikin 'yar tagar ta hango Malam yana nuna wa Mai Shago kantar, yana cewa wanda ya haɗa ta ba kafinta ba ne, mai sayar da itacen girki ne ya tuba. Mai Shago ya ce ai surukinsa ne ya haɗa. Kafinta ya kwashe da dariya, kai ya tafi baya. Ita ba ta yi niyya ba, yatsanta ne ya zame a kan madannin da ba ta saba da laushinsa ba. Madubi ya ce ƙwas.

Ta sauke ta duba allon baya. Ga Malam, baki a buɗe, ido a rufe, kumatu sun cika. Amma hannunsa ya zama hayaƙi, saman kansa ya yanke, kantar da ke bayansa ta karkace. Sabo turken wawa. Kafin zuciyarta ta ce wani abu, bakinta ya riga ya yi aikin da ya shekara talatin yana yi.

"Ya motsa. Goge."

Mai Shago ya karɓa, ya duba, babban yatsansa ya tsaya a kan alamar kwandon shara. "Hajiya, ki ƙara dubawa. Wannan fa ya yi."

"Bai yi ba. In na sayi tawa zan ɗauki mai kyau. Goge."

Ya goge. Kafinta ya sunkuya ya ɗauki fensirinsa, ya ce yau kam ya ga ikon Allah, an kore shi har daga cikin hoto. Ta karɓi takardun bayanin kyamarorin biyu, ta ce za ta je ta yi nazari.

To, nan ruwan ido ya kama ta. Matar da ba ta taɓa yin minti biyar wajen zaɓen atamfa ba, sai ga ta da takardu biyu a jakar aiki, tana fito da su lokacin hutun rana tana ja musu layi da jan biro. Mai nauyin ta fi kaifi, amma in hannu ya gaji ya yi rawa fa? Mai sauƙin ba ta gajiyar da hannu, amma in ya yi dariyar a cikin shago, inda haske bai wadata ba fa? Ta koma wurin Mai Shago ran Talata ta riƙe kowacce, ta koma ran Juma'a ta tambayi wane ido ne ya fi dacewa da fuska. Ya nuna mata wani ɗan gajere wanda ba ya jawo abu kusa, sai mutum ya taka da ƙafarsa, amma yana fito da fuska ya narkar da abin da ke baya. Ta ce wannan ma za ta yi nazarinsa.

A zuwa na huɗu haƙurin Mai Shago ya fara ƙarewa, duk da dai muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Hajiya, shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce kyamara ce ta cuce shi ba. Duk biyun sun ishe ki har da ragi. Kuma wannan ba irin taku ba ce. Ba ta cutar da kowa. Ki danna ɗari, ki zaɓi ɗaya, ki watsar da saura."

Ta ce ta ji. Amma ji daban, yarda daban. A ranta hoto abu ne da ake yi sau ɗaya, don haka dole na'ura ta zama wadda ba za ta ba da kunya ba. Wannan shi ne dalilin da take gaya wa kanta. Akwai na biyu, wanda ba ta so ta kalla: ranar da ta shigo da kyamarar gidan, ta yarda ke nan cewa akwai abin da ake shirin rasawa. Muddin tana zaɓe, Malam yana nan a ƙarshen layi yana yanka katako. Tsoro ne tsagwaronsa ya sa rigar ƙwarewa, kuma a haka mako uku ya wuce.

A mako ukun nan Kafinta ya fara rufe shago da la'asar. Ya mayar wa wani mutum aikin gadon da ya karɓa, ya ce ya kai wa wani. Ya ɗauki ƙusa da guduma ya ƙara huda a bel ɗinsa, ya nuna mata yana cewa shekara ashirin tana yaƙi da tumbinsa, ga shi ya ajiye makamai da kansa. Yana dai yin wasan, amma dariyar ta daina kaiwa ƙarshe, tari yake tare ta a hanya. Ita tana gani, tana kuma kau da kai ta koma kan takardunta.

Hoton da ta sa aka goge kuwa ya ƙi barin ta. Tana tsayar da mara lafiya sai ta gan shi. Tana wanke kofi sai ta gan shi, kumatun nan cike, idon nan a rufe. Hannun da ya zama hayaƙi, wanda ta ƙi hoton saboda shi, yanzu shi ta fi kewa, don ai haka hannun Malam yake, ba ya zama wuri ɗaya. Ta riƙa ƙoƙarin tuna ko haƙorinsa mai giɓi ya fito a ciki, ta kasa. Daƙiƙa nawa ma ta kalle shi? Ba su fi uku ba.

Wata Laraba da safe ta fito da shirin aiki ta same shi a gaban madubin baranda yana aske gemu. Hasken safiya ya bugo shi ta gefe. Ta tsaya da jaka a hannu. A gefen goshinsa, tsakanin gira da kunne, wurin ya lotsa. Kaɗan ne, wani ba zai lura ba, amma ita ta lura.

"Likita, kin makara," in ji shi, bai juyo ba.

Lokacin aiki yake nufi. Ta ce ta sani, ta fita. A karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya ta buga waya ta ce ba za ta shigo ba, ta hau mota zuwa siririn layin nan. Mai Shago yana ɗaga ƙofa ke nan ta iso.

"Ba ni kowacce," in ji ta.

Ya dube ta, ya sauko da mai nauyin, ya ɗaura mata ɗan gajeren idon. Yana saka batir da katin ajiya tana tsaye tana murza hannun jaka. Can ta ce, da muryar da ba ta yi kama da tata ba, "Wanda na ce ka goge ran nan. Ana iya dawo da shi?"

Ya ce da a ranar ne, da wataƙila. Ya ɗauko ta gwajin ya kunna ya miƙa mata, ya ce ta duba da kanta. Katin ya cika an share, ya cika an share, ba sau ɗaya ba. Ta riƙa dannawa tana wucewa. Ƙofar shago, fankar sama, takalmin wani, ƙeyar mai gyaran agogo, fuskar wata mata da ba ta sani ba. Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Ya bar ta har ta gaji don kanta.

"Na so in ajiye miki," in ji shi. "Amma kin ce in goge, kuma kina kallon hannuna."

"Ba laifinka ba ne," ta ce. Garin neman gira ta rasa ido, kuma ba ta bukatar kowa ya gaya mata.

Da la'asar sakaliya ta ce wa Malam ya zo su je shagonsa, nan take so. Ya sa rigarsa mai ruwan ƙasa, ya maƙala fensir a kunne, suka taka a hankali har ƙarshen layi, sau ɗaya ya tsaya ya huta. Ya buɗe ƙofa, ƙamshin katako ya fito. Ta jawo wata kujera da bai gama gogewa ba ta ajiye a bakin ƙofa, inda rana take shigowa a kwance. Ta zaunar da shi. Ta gyara masa wuyan riga, ta daidaita kafaɗu, ta ɗaga masa haɓa da yatsa biyu. Ta ja da baya taku huɗu, ta ɗan matso rabin taku, ta kai kyamara fuska.

"Ja numfashi," in ji ta. "Riƙe."

Ya dube ta. Sai kuwa abin ya kufce masa, kai ya tafi baya, hannu ya daki cinya. Ga ta nan, dariyar, a cikin 'yar taga, a tsakiyar haske. Yatsanta yana kan madanni. Amma yana motsi, kuma yatsan nan bai taɓa danna wa mai motsi ba da saninsa. Ta ce a ranta bari ya ɗan tsaya, ƙiris kawai. Bai tsaya ba, tari ne ya karɓe. Ya duƙa ya riƙe ƙirji, ya yi ta yi har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ta ajiye kyamara ta ba shi ruwa, ta shafa masa baya har ya lafa.

Da ya miƙe ya goge baki, ya zauna daram, ya dube ta da ɗan murmushi. Ta ɗaga ta danna.

Kai, Mai Shago bai yi ƙarya ba, na'urar ta iya aikinta. Babu abin da ya motsa. Kowane gashin gira ana iya ƙirga shi, katakon da ke baya ya narke kamar yadda aka ce. Kuma babu abin da ta ɓoye. Ga lotsawar gefen goshi, ga ƙashin kunci ya fito, ga wuyan riga ya yi wa wuya yawa, ga gajiya kwance a ƙasan ido. Ta karanta shi daga sama har ƙasa yadda take karanta na asibiti, ta kasa hana kanta. A duk aikinta ba ta taɓa ɗaukar hoto mai tsabtar wannan ba, kuma ba shi take nema ba.

"Na fito?" in ji shi. "Kawo in gani."

Ta so ta hana, amma ya riga ya miƙo hannu. Ya riƙe kyamarar nesa da fuska saboda bai zo da tabarau ba, ya ƙanƙance ido. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai Baba ne," ya ce a hankali. "Shekarar da ya rasu. Har zaman." Ya shafa gefen goshinsa da yatsa, ya sauke hannun. "To ni ina nake, Likita?"

"Kana nan," in ji ta. "Ni ce ban iya ba tukuna."

Ya miƙa mata, ya gyara zama. "To sake. Wannan ai ba ta ƙona mutum, ko?"

"Ba ta ƙonawa."

"To kada ki yi mini rowa."

Ta kai fuska ta danna. Ta sake dannawa, ta sake. Yatsan ya yi ta yin abin da bai taɓa yi ba, madubi yana ta ƙwas-ƙwas a cikin shagon da ya yi tsit. Shi kuma Kafinta ya kama aiki. Ya ɗauko labarin mutumin da ya sa a yi masa ƙofa ya manta bai auna faɗin matarsa ba. Ya ɗauko na ranar da ya manne wandonsa a kan benci da gam, ya yi sallama da baƙo a zaune. Duk ta san su, ta ji kowanne ya fi sau ɗari. Yakan kai ƙarshen labari, ya buɗe baki, ya jefa kai baya da gangan, ya daki cinya. Tana ganin yadda yake tattaro ƙarfi kafin kowacce, yadda yake danne tarin a maƙogwaro don kada ya ɓata mata. Dariyar tana fitowa, amma ɗauko ta yake yi da hannu biyu, kuma ita ba ta taɓa ganin ya ɗauko ta ba sai yau.

Rana ta janye daga kafaɗarsa ta koma kan ƙafar kujera. Ya dafa gwiwa, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Kin samu?"

"Saura kaɗan," in ji ta.

Ba ta sauke kyamarar daga fuskarta ba, ko da yake ta daina ganin komai ta cikin tagar, ruwa ya cika idon. Ta bar ta a nan don kada ya gani.

"To ba ni minti biyu in huta," in ji Kafinta. "Yanzu zan sake yi miki dariyar."